Auren wata 26, zawarcin shekara 49: abin da takardar aure ta tanadar wa Anna Amalia ta Weimar

Ranar 16 ga Maris, 1756 aka ɗaura auren Anna Amalia a birnin Braunschweig, a arewacin Jamus. Tana da shekara 16, angon nata Ernst August Constantin, mai sarautar Weimar da Eisenach, yana da 18. Ranar 28 ga Mayu, 1758 angon ya rasu. Auren ke nan ɗungurungum, shekara 2 da wata 2 da 'yan kwanaki. Ita kuwa sai da ta kai 10 ga Afrilu, 1807 a duniya, kuma ba ta ƙara aure ba. Mutuwar mijin ta zo da wuri, amma ta tarar an shirya mata. Gidajen sarautar Jamus na wancan ƙarni ba sa sakin 'yarsu sai an zauna an rubuta dalla-dalla abin da zai faru ranar da mijin ya kwanta dama, kuma wannan sashen ne ya fi shan tawada a takardar aure.

Jamus ta lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasashe ne kimanin 300 a ƙarƙashin inuwar Daular Rum Mai Tsarki, kowace da mai mulkinta da harajinta da 'yan sojojinta. Ƙaisar, wato shugaban daular, yana zaune a Viyana, ba ya sa baki a harkar yau da kullum, amma akwai abubuwan da ba sa tabbata sai da hatiminsa: ɗaga darajar gida, amincewa da wanda zai riƙe wa maraya sarauta, da ba wa wanda bai kai shekaru ba izinin ya tsaya da ƙafarsa. Sarautar mijin Anna Amalia a Jamusanci sunanta Herzog, a nan za mu riƙa cewa sarki. Babban birninsa, Weimar, mutanensa ba su wuce dubu 6 ba.

Gaggawar auren tana da dalili. Mahaifin angon ya rasu a 1748, ya bar ɗa namiji guda mai shekara 10 da tulin bashin gine-gine da na sojoji. Dangin uba na Gotha da na Coburg-Saalfeld ne suka riƙe ƙasar kafin yaron ya girma, kuma zuriyar nan tasu ce za ta raba ƙasar idan ya mutu bai haifi namiji ba. Ba a ce sun cuce shi ba, amma duk bafaden Weimar ya san an ba kura ajiyar nama. Ga yaron kuma ba lafiyayye ba. A ƙarshen 1755 aka miƙa masa mulki, kafin a yi wata 3 babban wazirinsa Heinrich von Bünau ya kai shi Braunschweig an ɗaura aure. Abin da fadar ke nema shi ne magaji, kuma da wuri.

Amaryar ita ce ta biyar cikin 'ya'ya 13 na Sarki Karl na Braunschweig-Wolfenbüttel. Mahaifiyarta, Philippine Charlotte, ƙanwar Friedrich ce, shahararren sarkin nan na Purusiya. An koya mata Faransanci da addini da tarihi da rawa da kiɗa, wato abin da ake koya wa duk 'yar sarkin da za a kai wata fada. Bayan shekaru, a wani ɗan rubutu da ta yi kan rayuwarta, ta taƙaita zancen da cewa an aurar da ita kamar yadda aka saba aurar da 'ya'yan sarakuna, kuma ba ta ɓoye cewa barin gidan iyayenta sauƙi ne a wurinta ba.

Ƙwarya ta bi ƙwarya

Sharaɗin farko shi ne darajar gida. Idan sarki ya auri wadda ba tsararsa ba, coci za ta iya ɗaura auren, 'ya'yan ma halattattu ne, amma ba za su gaji sarauta ba. Misalin yana nan kusa, a cikin dangin Weimar ɗin kansu. Anton Ulrich na Meiningen ya auri Philippine Cäsar, 'yar wani hafsan soja, a 1711. Ya yi ta kai gwauro yana kai mari a Viyana har Ƙaisar Karl na shida ya ɗaga ta da 'ya'yanta zuwa darajar sarauta a 1727. Dangi suka ƙi haƙura. A 1744 aka yanke cewa 'ya'yan ba su da gadon sarauta, a shekarar kuma matar ta rasu. Sai ya auri wata 'yar sarki a 1750, 'ya'yan wannan ta biyun ne suka gaji Meiningen. Shekara 30 da ɗoriya ana shari'a a kan aure guda. Weimar, mai ɗa namiji ɗaya tal kuma marar lafiya, ba ta da sukunin irin wannan caca.

Sharaɗi na biyu addini ne. Gidajen biyu duk Furotesta ne mabiya ɗariƙar Luta, don haka nan babu gardama. Inda aka bambanta, sai an rubuta ko amarya za ta zo da limaminta, da kuma addinin da za a tarbiyyantar da 'ya'ya a kai. Idan gidan miji ya fi ƙarfi sosai, amarya ce ke sauyawa. Wata 'yar wannan gida na Braunschweig ta koma Katolika a 1707 don ta auri wanda ya zama Ƙaisar Karl na shida.

Abin da ke cikin takardar

Wakilan gidajen biyu ne ke zama, lauyoyi da wazirai, su yi ta ja-in-ja a kan kowane layi. Mai karatu zai so ya nemi sadaki da lefe da gara a ciki. Akwai masu kama da su, amma kuɗi mafi nauyi a nan daga gidan amarya yake fitowa, kuma ba hannunta yake shiga ba.

Shi ne Heiratsgut, mu ce kuɗin rakiya. Uban amarya ne ke alƙawarinsa, amma sau da yawa ba daga aljihunsa ba. Akan ɗora wa talakawa haraji na musamman wanda sunansa ma harajin gimbiya, sai majalisar manyan ƙasa ta amince kafin a karɓa. Ana lissafin da tala, azurfar da sunanta ne kakan kalmar dala, kuma irin talar da aka buga da hoton Maria Theresia ce ta riƙa yawo a kasuwannin Borno da Kano a ƙarni na 19. Kuɗin rakiya yana shiga baitulmalin miji, shi ke juya shi muddin ana tare.

Gidan miji kuma sai ya ajiye kwatankwacin wannan kuɗi a takarda, ana ce masa Widerlage. A nan lissafin zawarci yake farawa. A ɗauka, don misali kawai, uba ya yi alƙawarin tala 20,000. Gidan miji ya aza wani 20,000, ya zama 40,000. Babu wanda ke tara wannan kuɗi a akwati. Abin da ake yi shi ne a ware wata gunduma da sunanta a jinginar da ita, a ce idan sarki ya mutu, kuɗin shigarta ne zai riƙa biyan matar ribar wannan jimla duk shekara. A bisa ƙa'idar da aka gada ta kashi 5 cikin 100, za ta riƙa samun tala 2,000 a shekara, wato kashi 10 na abin da ta zo da shi. Saboda haka uban da ya tsuke hannu wajen kuɗin rakiya, tsufan 'yarsa ya tsuke.

Tare da gundumar ake ambaton gidan da za ta zauna. Wannan gida da kuɗinsa su ne Wittum, mazaunin zawarci. Takardar takan sauko har kan ƙananan abubuwa: gidan ya kasance a gyare da kayan ɗaki, itacen hunturu kaza, hatsi kaza, naman farauta da kifi kaza, abincin dawaki kaza. Ma'aikatan gundumar kan yi mata rantsuwar biyayya tun mijin yana raye, rantsuwar da ba ta aiki sai ranar da ya mutu. Idan ta sake aure, ta bar gidan ke nan, a lissafa abin da ya rage nata a biya ta. Idan ta mutu ba ɗa, kuɗin rakiya ya koma gidan ubanta.

Saura ƙanana uku. Akwai Morgengabe, kyautar safiya, wadda ango ke bayarwa washegarin tarewa. Ita ce ta fi kusa da sadaki domin mallakar matar ce ita kaɗai, sai dai galibi ba a damƙa mata uwar kuɗin, ribarsa ake ba ta shekara-shekara. Akwai kuɗin kashewa na shekara, wanda Jamusawa ke kira kuɗin allura, na sutura da sadaka da tukuicin barori. Akwai kuma kayan ɗaki, wato azurfa da gwala-gwalai da tufafi da zannuwan gado, waɗanda ake rubuta su ɗaya bayan ɗaya a takarda biyu, kowane gida ya riƙe kwafi. Dalilin rubutun shi ne ranar rabon gado a iya bambance sarƙar da ta zo da ita da sarƙar gidan sarauta da aka ara mata ta sa.

A madadin duk wannan, amarya tana sa hannu, sau da yawa da rantsuwa, cewa ta yafe gadon ƙasar ubanta muddin akwai namiji a zuriyar. Wannan layin ne ainihin abin da ubanta ya saya da kuɗin rakiya.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Uba ya yi jinkirin biya, gidan miji ya ce tunda kuɗin rakiya bai shigo duka ba, mazaunin zawarci ma ba zai cika ba. Ko a tarar gundumar da aka jinginar an riga an ci bashi a kanta. Ko yaƙi ya bi ta kanta, manoma su gudu, harajin ya ƙi taruwa. Ko dangin miji waɗanda za su gaji sarauta su ce ba a nemi sa hannunsu ba, don haka alƙawarin bai hau kansu ba. Shi ya sa lauya mai hankali ke nacewa sai magada na kusa sun sa hannu, kuma sai an rubuta irin kuɗin da za a biya da nauyin azurfarsa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a zamanin Anna Amalia. A yaƙin da ya ɓarke a shekarar aurenta, kawunta na Purusiya ya sa aka riƙa buga kuɗi mai ƙarancin azurfa, ya cika kasuwannin Jamus. Mai tala dubu a takarda, idan ba a fayyace wace tala ba, sai ya wayi gari da abin da bai kai ba.

Daga amarya zuwa mai riƙon ƙwarya

Ranar 3 ga Satumba, 1757 ta haifi Carl August. Da wannan haihuwa lissafin dangin Gotha ya rushe. Wata 2 bayan haka, ranar 5 ga Nuwamba, kawunta ya fatattaki sojojin Faransa da na daular a Rossbach, ba nisa sosai da Weimar, bayan rundunoni sun yi ta ratsa ƙasar suna cin hatsinta. Mijin ya rasu tana da ciki. Ranar 8 ga Satumba, 1758 ta haifi na biyu, aka sa masa Constantin.

Takardar aure ta tanadi zawarci, amma ba ita ke cewa wa zai riƙe ƙasa ba. Wannan aikin wasiyya ne, kuma bisa al'ada dangin uba na ganin su suka fi cancanta. Mijin ya bar wasiyyar da ta ɗora riƙon 'ya'ya da na ƙasa a kan matarsa. Matsalar ita ce shekarunta 18, ita kanta a idon doka tana bukatar waliyyi. Sai mahaifinta ya riƙe a madadinta daga Braunschweig, aka aika Viyana neman Ƙaisar Franz, mijin Maria Theresia, ya ba ta izinin cikar shekaru.

A duba inda ta tsinci kanta. Ƙaisar ɗin da ake roƙon hatiminsa yana yaƙi da kawunta. Gidan ubanta yana ɓangaren Purusiya, ƙanen mahaifinta Ferdinand ne ma ke jagorantar rundunar ƙawance a yammacin Jamus. Ita kuma Weimar, a matsayinta na 'yar daula, dole ta tura sojoji su yaƙi wannan kawu, yayin da kawun ke aiko nasa jami'an neman matasan da za a sa a rundunarsa. Ba ta da ƙarfin da za ta ce wa ko ɗaya a'a kai tsaye. Izinin ya fito a 1759, ranar 30 ga Agusta ta karɓi ragama, kuma a wannan shekarar Bünau, wanda ya ƙulla auren, ya bar kujerarsa.

Mai riƙon ƙwarya ba sarauniya ba ce, amana aka ba ta. Ba ta da ikon sayar da ƙasa ko jinginar da ita yadda ta ga dama, ana mulki da sunan ɗanta, kuma ranar da ya cika shekaru za a duba littattafai. Aikin yau da kullum yana hannun wata ƙaramar majalisar sirri ta 'yan wazirai, su tattauna su kawo mata ta sa hannu ko ta mayar. Shekara 16 ta yi a haka. An gama yaƙi a 1763, yunwa ta zo a 1771 da 1772, sannan ranar 6 ga Mayu, 1774 gobara ta cinye fadar Weimar, ba a gama sake gina ta ba sai 1803. Abin da ya fi daɗewa cikin ayyukanta shi ne kwashe littattafan gidan sarauta daga fada zuwa wani gini na daban da aka gyara, aikin da aka kammala a 1766. Da ba a yi haka ba, da gobarar 1774 ta haɗa da su.

Rigimar da ta fi ci mata rai a cikin gida take. Al'adar fadoji ita ce a cire yarima daga hannun mata tun yana ƙarami a damƙa shi ga wani babban mutum ya rene shi. A 1762 aka ba Johann Eustach von Görtz wannan aiki, Carl August bai cika shekara 5 ba. Tsarin da kansa ne ke haifar da saɓani: ikon uwa yana da ranar ƙarewa, na ɗa yana da ranar farawa, kuma duk bafade ya iya ƙidaya. Mai renon yarima ya san gobensa tana wurin yaron, ba wurin uwar ba. A 1772 ta ɗauko marubuci Christoph Martin Wieland ya zama malamin yaron, amma hakan bai rage tazarar da ke tsakaninta da ɗanta ba. Ta sallami Görtz a 1775, 'yan watanni kafin ranar 3 ga Satumba, ranar da Carl August ya cika 18 ta miƙa masa mulki. Tana da shekara 35.

'Yan mata huɗu na gida ɗaya

Don a ga cewa ba wayo kaɗai ya fid da ita ba, a dubi 'yan uwanta mata, waɗanda uba ɗaya ya tsara wa rayuwa da lauyoyi iri ɗaya.

Yayarta Sophie Caroline ta auri mai sarautar Bayreuth a 1759. Ya rasu a 1763 ba su haifi magaji ba. Sarauta ta koma hannun wani ɗan uwansa, ita kuma takarda ta yi aikinta daidai: aka kai ta gidan zawarcinta a Erlangen, ta zauna a garin har ta rasu a 1817. Ba ta rasa ci da sha ba, ba ta kuma taɓa mulki ba.

Ƙanwarta Elisabeth ce ta yi auren da ya fi kowanne girma a ido. A 1765 aka ba ta Friedrich Wilhelm, mai jiran gadon Purusiya. Ta haifi mace a 1767. Mijin yana da matan banza a fili, ita ma ta yi nata, amma ita kaɗai aka hukunta, domin cikin da ba a tabbatar da ubansa ba barazana ne ga gadon sarauta. Aka raba auren a 1769, aka raba ta da 'yarta, aka tsare ta a Stettin. A can ta rasu a 1840, tana da shekara 93. Duk dogon sashen nan na zawarci bai amfane ta da komai ba, don an rubuta shi ne saboda mutuwar miji, ba saboda saki ba.

Ƙaramarsu, Auguste Dorothea, ba a aurar da ita ba. An sama mata gurbi a gidan ibadar 'ya'yan sarakuna na Gandersheim, ta zama shugabarsa a 1778. Wannan ita ce ɗaya hanyar da gidajen Furotesta ke bi da 'ya mace: kujera mai kuɗin shiga, ba tare da an tara kuɗin rakiya ba.

Anna Amalia ce kaɗai abubuwa uku suka haɗu mata, ɗa namiji, wasiyyar miji, da hatimin Viyana.

Bayan 1775 al'ada ta so ta koma gefe. Ba ta bar Weimar ba. Tun bayan gobara ta tare a gidan waziri Jakob Friedrich von Fritsch a tsakiyar gari, ta saye shi, har yau kuma sunansa Wittumspalais, fadar zawarci. Zaman bai zo wa kowa da sauƙi ba, domin wata guda bayan hawansa Carl August ya auro Luise ta Hessen-Darmstadt, ƙaramin gari ya zama yana da fadar mata biyu. A teburinta ake taruwa ana karatu da zane da kiɗa, da rani kuma a koma Ettersburg, daga 1781 a Tiefurt. Ita da kanta tana tsara kiɗa. Daga 1788 zuwa 1790 ta yi zamanta a Italiya, tsakanin Rum da Napoli, tafiyar da matar sarki mai miji a raye da wuya ta samu.

Akan ce ita ta tara manyan marubutan Jamus a Weimar. A rage kaɗan. Wieland nata ne. Goethe, wanda ya iso ranar 7 ga Nuwamba, 1775, ɗanta ne ya gayyato shi, bayan ta sauka. Herder ya biyo baya a 1776 ta hanyar Goethe. Abin da ta bayar shi ne ɗaki da teburi da kuɗin da ba ya yankewa, kuma tushen wannan kuɗi shi ne abin da aka tanadar mata na zawarci.

Ƙarshenta ya zo da nauyi. Ɗanta Constantin ya rasu a 1793 yana bakin daga a yaƙi da Faransa, cuta ce ta kashe shi. Ranar 14 ga Oktoba, 1806 Napoleon ya karya Purusiya a Jena da Auerstedt, sojojinsa suka wawashe Weimar, yayanta Karl Wilhelm Ferdinand, wanda ya jagoranci rundunar Purusiya, ya samu raunin da ya yi ajalinsa. Anna Amalia ba ta cika wata 6 a duniya bayan haka ba. An binne ta a babbar cocin garin, Goethe ya rubuta ta'aziyyar da aka karanta a kan mumbarin coci-cocin ƙasar. Ɗakin karatun nan na 1766 an sa masa sunanta a 1991. Ranar 2 ga Satumba, 2004 wuta ta kama shi, littattafai kimanin 50,000 suka ƙone, ciki har da mafi yawan takardun kiɗan da ta tara da hannunta. An sake buɗe shi ranar 24 ga Oktoba, 2007, ranar da aka haife ta a 1739.